Lakilen Moto a Aljihun Baba

Yamai, unguwar Maourey
Farkon watan Afrilu

Yaya Abdulaye,

Wai in tambaye ka, gudu da abin hawa a Amerika halal ne, a Yamai kuma haram? Riƙe tambayar nan tukuna in gaishe ka, kar a ce auta ba shi da tarbiyya.

Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Ya Anti Mariyama da 'yata Ramlatu? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa kowa ya zama masifaffe. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, da kanta take zuwa Petit Marché ta dawo tana faɗan tsadar tumatir. Baba lafiyarsa ƙalau, har ta yi masa yawa.

Za ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon murya. Na gwada muryar na goge, na sake gwadawa na goge, don duk wadda na fara da sallama da ihu take ƙarewa. Bik, alƙalamin nan nawa, ya fi bakina haƙuri. In ka ga harafi ya karkace ka wuce, ka san lekol, makarantar boko, ba ta riƙe ni ba, littattafan bakin titi ne malamaina.

Ga abin da ya faru. Ranar auren Sadiƙ, abokina na fada, majalisarmu ta samari, mun raka amarya da kortej, jerin gwanon motoci da babura, kamar yadda kowa ke yi. Na ɗaga tayar gaban motona, babur ɗin nan, tun daga shataletale har kusa da gidan ango, mata na guɗa, yara na bin mu da gudu. Ban taɓa kowa ba, ban faɗi ba. Wani ɗan gulma ya ɗauka a waya, bidiyon ya yi ta yawo har ya sauka a hannun Baba. Da safe bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Lakile." Na ba shi makullin moton, ya jefa shi aljihun gaban rigarsa. Yanzu motona yana zaure an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma kamar mai jiran jana'iza.

Ka kuma san moton nan shi ne aikina. Da shi nake kai abincin da Tanti Safiya ke sayarwa birori, ofisoshin Plateau, kowace rana. Yanzu da taksi da ƙafa nake yi, kula a kowane hannu, shinkafa na isa ta huce, ni ina isa na dahu.

To a satin nan ne fa bidiyonka ya iso wayar Inna. Ga ka cikin kaske, hular kwano, zaune a wata 'yar mota mai kama da bahon wanki da aka sa wa taya, gindinka na shafar ƙasa, kana shan kwana tayoyi na kuka. Bayansa ga hoto, kana murmushi da kofin gasa a hannu. Baba ya kalla ya ce Allahu akbar. Tun ranar babu wanda ya zauna a majalisar ƙofar gida bai kalla ba, har mai kawo gawayi. Wanda ya fi shan wuya shi ne Baba Yahaya, Bazabarmen nan abokin wasansa. Kullum sai ya tura masa waya a hanci: "Duba nan! Ɗan Bagobiri ya je ƙasar masu mota ya koya musu tuƙi. Ku Zabarmawa in ba kwalekwale ba me kuka iya?" Baba Yahaya sai ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri, ya kurɓi shayinsa. Na ga alamar ajiye ramuwa yake yi.

Na kasa daurewa na ce, "Baba, nawa gudun fa?" Ya ce, "Naka hauka ne, nasa ilimi ne. Hukuma ce ta gwada shi ta ba shi kofi. Ranar da yayanka, wanda ya san tuƙi, ya ce ka isa ka hau, ranar zan ba ka lakile." A gaban majalisa ya faɗa, ka kuwa san abin da ya faɗa a can ba ya janyewa a ɗaki.

Don haka, Yaya, abincina yana bakinka. Ka kira shi ka ce a ba ni. Sannan ka amsa mini tambayata ta farko, don da gaske nake.

Ƙanenka,
Nura

Greensboro
Tsakiyar Afrilu

Auta,

Na samu takardarka, na karanta a wurin hutun rana, na yi dariya har abokin aikina ya tambaye ni ko albashi aka ƙara. Muna lafiya. Sanyi ya tafi, itatuwa sun fara fure, Mariyama na fama da atishawa. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna, ka ce mata ta rage ɗaukar kaya.

Rubutunka bai karkace ba. Fahimtar Baba ce ta karkace, kuma laifin daga nan gidan yake. Bari in gaya maka abin da ka gani.

Wurin nan ba na hukuma ba ne, wurin wasa ne. Tsohuwar mangaza ce babba ta ajiyar kaya a bayan gari aka share, aka zana hanya mai lanƙwasa a ƙasa, aka jera shinge na roba a gefe da gefe. Abin suna ce masa kartin. Motocin da lantarki suke aiki, ba hayaƙi, sai wani zuuu kamar na injin ɗinki. Kowa zai iya shiga. Ka biya a ƙofa, ka sa hannu a takarda cewa in ka karye kai ka ja wa kanka, su ba ka wata hula kamar safa ka sa kafin kaske. Akwai layi a bango, yaron da kansa bai kai layin ba ba ya hawa manyan motoci. Ranar Asabar wurin cike yake da yara masu bikin ranar haihuwa, ga iyaye na cin abinci suna kallo ta gilashi. Na taɓa ganin wata tsohuwa da ta girmi Inna ta sa kaske ta shiga.

Da tuta suke magana. Kore, tafi. Rawaya, rage gudu, wani ya maƙale. Shuɗiya, kauce, na bayanka ya fi ka. Baƙa, fito, ka yi rashin hankali. Ga kuma ma'aikaci tsaye da wata 'yar na'ura, in ya ga ana ganganci sai ya danna, duk motocin su koma tafiyar tsohon jaki. Ka ga shi ma wurin yana da nasa Baban.

Abin da ya kai mu can Ramlatu ce. Lokacin sanyin da ya wuce yarinyar nan ta yi shiru. Daga lekol sai ɗaki, sai waya, in ka tambaye ta sai ta ce ba komai. Wata 'yar ajinsu ta gayyace ta biki a wurin, na kai ta ba da son raina ba. Nura, da muka fito, tun daga can har gida bakinta bai rufu ba. Yadda ake shiga kwana, yadda ake fita, wanda ta wuce, wanda ya tare ta. Rabon da in ji muryarta haka har na manta. Shi ya sa duk Lahadi muke zuwa. Ni da nake yini ina tuƙa motar ɗaga kaya a mangaza a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, nakan shiga in taya ta.

Yanzu ka zauna da kyau. Kofin nan ba nawa ba ne. Nata ne, gasar yara ta ci. Ta miƙo mini in riƙe mata don ta gyara ɗankwali bayan ta cire kaske, Mariyama ta ɗauki hoto ta tura wa Inna ba bayani. Bidiyon kuma ka sake kallo. Shuɗiyar tutar da ake ta kaɗawa ni ake kaɗa wa. Ƙaramar da ta wuce ni ta ciki kamar an harbo ta, 'yarka ce.

Tambayarka kuma, ga abin da na gani. Gudun ɗaya ne, daɗin ma ɗaya ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma duk wanda ke cikin shingen nan ya sa kaske ya ce ya yarda. Wata mai talla da ke tsallaka titi ranar auren Sadiƙ kuwa ba wanda ya tambaye ta.

Zan yi magana da Baba, amma ka ba ni lokaci in nemo bakin zaren. Maganar kofi ta tsaya tsakaninmu.

Yayanka,
Abdulaye

Yamai
Ƙarshen Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Na gajarta ta ne don raina a ɓace yake.

Da na karanta takardarka na yi dariya har Inna ta leƙo ta ga ko aljanu ne. Na sake kallon bidiyon, wallahi gaskiya ne, yarinyar nan ta wuce ka kamar an dasa ka. Na rufe bakina kamar yadda ka ce. Na jira.

Juma'ar da ta wuce Baba ya kira ka a majalisa ya buɗe murya kowa na ji. Ni ne a bayansa ina zuba shayi, ko ba ka sani ba? Ya ce, "Zakara, me ka ce a kan ƙanenka?" Na tsaya da buta a sama. Sai na ji ka ce, "Baba, ai ku ne manya, abin da kuka gani shi ne daidai." Sannan ka koma tambayar ko an fara hadari. Hadari! A watan da ko tsuntsu ba ya fita da rana!

A takarda kai malami ne, ga tuta kore ga tuta shuɗiya. A waya kuma ka zama ɗan amin.

Maganar mai talla da ka kawo, na ji. Amma kai ma a garin nan ka girma. Abokin ango da ya ƙi hawa ranar kortej, washegari fada za ta ce baƙin ciki yake yi da auren. Mu ba mu da mangaza mai shingen roba, titi muke da shi, shi ne filin ƙwallonmu, shi ne zauren bikinmu. Ka aiko mana da mangazar sai mu shiga.

Abin da ya fi damuna ga shi. Wani shugaban biro ya maido abinci ya ce ba zai ci sanyi ba. Tanti Safiya ta kira ni gefe ta ce akwai ɗan maƙwabtansu mai moto da ke ta yi mata naci, don darajar Inna kawai take jira na. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Na turo maka saƙo a waya ka gani ka yi shiru. In ka fasa ne ka gaya mini in san inda dare ya yi mini.

Nura

Greensboro
Watan Mayu

Nura ƙanena,

Ina fata kuna lafiya, ya zafi, ya jikin Inna? Shiruna ba fasawa ba ne. Na fara rubuto maka na ajiye, don duk abin da na rubuta sai in ga kamar uzuri ne. Ka yi gaskiya, ranar Juma'ar nan na gudu.

Amma ka duba inda nake tsaye. Baba ba ya amsa kirana shi kaɗai. Na gwada kiransa da safiyarku, ya ɗauka ya ce, "Dakata in fita waje mutane su gaisa da kai," kafin in ce uffan na ji muryar Baba Yahaya yana fofo, gaisuwarsu ta Zabarma. Na roƙi Inna ta ba shi waya a ɗaki, ya ce maganar zakara ba ta ɗaki ba ce. Kowace kalma tawa a majalisa take sauka.

In na ce a ba ka lakile, a matsayin zakaran tuƙi na faɗa, na ɗora gaskiyarka a kan ƙarya, ranar da ta fito kuma har da kai za ta rushe. In na ce kofin ba nawa ba ne, wasan yara ne da kowa ke shiga in ya biya, to ka san Baba Yahaya. Ba zai bar Baba ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba har ƙarshen rayuwarsu. Mutumin da ya tura ɗansa nesa, shekaru yana amsa "yana nan yana aiki" in an tambaye shi, yau ya samu abin nunawa. Ni zan fizge masa a gaban abokansa? Na kasa.

Shawarata, ka ƙara haƙuri abin ya huce. Majalisa za ta samu wani sabon labari ta manta da kofi, sannan in lallaɓa. Zan kira Tanti Safiya da kaina in ba ta baki.

Na gaya wa Ramlatu tonton ɗinta, wato kai, yana ɗaga tayar gaba. Ta zaro ido ta ce a nuna mata, na ce a'a. Ta ce in gaya maka, ana taka birki ne kafin kwana, wanda ya shiga da zafi a sanyaye yake fita. Wai ita ce mai ba ka darasi. Ta kuma yi mini wata tambaya. Ta ce me ya sa Kaka, da kullum yake ce mata amaryarsa, bai yi mata barka da kofi ba, ko bai ga hoton ba ne? Na ce mata waya ce ba ta da kyau.

Ka gaida su Inna.

Abdulaye

Yamai
Ƙarshen Mayu

Yaya Abdulaye,

Ina yini, ya iyali? Jiya an yi yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi, Inna ta fitar da kujera tsakar gida ta ƙi shiga. Hadarinka ya iso, ka huta. Baba lafiya, sai dai tari kaɗan da ya ce na shayin Baba Yahaya ne.

Yau ba faɗa na zo yi ba, ko da yake ban yi alkawari ba.

Bari in fara da abin da ba na son ba ka. Ranar Asabar Tanti ta samu aikin abincin wani taro, ina tsallaka titi wajen Plateau da kula biyu, sai ga kortej. Ban ji zuwansu ba sai da suka cika titi. Wani ya ɗaga taya ya nufo ni, na yi baya, dunduniyata ta bugi bakin kwalta, kular miya ta kife. Na tsaya cikin miyar gyaɗa har idon sawu ina zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai, sai na ga wanda ya yi mini haka ɗan fadarmu ne, ni na koya masa ɗaga tayar. Har ya ɗago mini hannu yana dariya, shi a ganinsa gaisuwa ce. Ban ce ka yi gaskiya ba. Na dai ba ka labari.

Tanti ta ce ta gode da kiranka, amma baki ba ya kai abinci Plateau. Asabar mai zuwa ɗan maƙwabta zai fara, sai in na zo mata a kan moto.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki bik. Na yi ta maimaita takardarka, kuma duk dogon bayaninka bai tsaya mini a rai ba sai maganar Ramlatu. Yarinya ta ci kofi da hannunta, ta dawo da bakinta bayan dogon shiru, tana jiran kakanta ya ce barka, kai kuma ka ce mata waya ce ba ta da kyau. Yaya, ni ka riƙe mini lakile, ita ka riƙe mata kofi. Ashe mu biyu muke bin layi a ƙofarka.

Sai na yi gwaji. Ina zuba shayi na ce, kamar da wasa, "Baba, da za a sa Ramlatu tsere da Yaya a motocin nan, wa zai ci?" Ko tunani bai yi ba. Ya ce, "Amaryata mana! Wancan ai tun yana yaro ko keke sai an riƙe masa baya. Jinin Gobir tsallake yake yi, a jika yake sauka." Majalisa ta kwashe da dariya. Ya juya ga Baba Yahaya ya ce, "Kai ko 'yan matanmu ba ka isa ka bi ƙurarsu ba." Ka ji? Ba a ma gaya masa ba ya fara fahariya da ita.

Ka daɗe a waje har ka manta yadda kaka yake da jika. Da ɗansa mutum yana jin nauyi, shi ya sa Baba ya shekara yana cewa "yana nan yana aiki". Jika kuwa ba kunya tsakaninsu, zai iya hawa kan kujera ya yi shelarta har kasuwa. In ya ji kofin nata ne, sabon makami ka ba shi. Baba Yahaya zai rama, ba shakka, amma ba a kan Baba zai sauke ba. A kanka zai sauke. Duk ranar da ka zo hutu zai tare ka tun daga bakin layi yana kaɗa shuɗin ƙyalle, yana cewa a kauce ga wanda 'yarsa ta wuce. Wannan kake gudu. Kunyar da kake ta lulluɓewa da sunan Baba, taka ce.

Batun cewa in kofi ya tafi maganarka ta faɗi, shi ma na duba. Baba cewa ya yi ranar da yayanka ya ce. Da kofi ko ba kofi, ba ni da wani yayan.

Don haka na riga na gaya wa Baba kana da sanarwa ranar Juma'a bayan la'asar, kuma amaryarsa za ta yi magana da bakinta. Ya sa a sayo sabon ganyen shayi, ya aika a gaya wa Baba Yahaya kar ya kuskura ya makara. Takardunka ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai gani. Ba ni zan faɗa ba, kai za ka faɗa.

Ni ma ba zan ɓuya a bayan buta ba. Abin da zan ce game da kortej, a gaban Baba da mutanensa zan ce shi, in ya zama alkawari su ne shaidu.

Zan ajiye butar in matso kusa da waya in yi maka tambaya biyu, kowa na ji. Kofin nan na wane ne? Sannan kai da ka goya ni, ka yarda in hau moto in nemi abincina, ko ba ka yarda ba? In a'a ce, ka ce a'a da dalilinka, zan haɗiye. Amma kar ka ce ku ne manya, kar ka tambayi ruwan sama, kar waya ta lalace. Ka sa Ramlatu a gefenka, ka amsa mana a gaban majalisa.

Ƙanenka,
Nura